Abin da ER, PR, HER2 da Ki-67 ke faɗi game da sankarar mama

"Assalamu alaikum Likita. Daga Tudun Wada, Kaduna nake rubutowa. Yayata mai shekara 43 ta ji ƙullutu a nononta na hagu, aka ɗebi tsoka da allura, aka ce sankara ce. Daga baya aka sa muka biya kuɗin wani gwaji na biyu a kan tsokar, takarda ta fito da ER+ 80%, PR+, HER2 2+, Ki-67 30%. Wani ɗan'uwanmu ya ce waɗannan furotin ne da ke nuna daji tun yana farawa. To idan haka ne, ni ma zan iya zuwa a gwada mini su tun kafin wani abu ya fito? Shekarata 34, kuma gwaggonmu, ƙanwar Baba, wannan ciwon ne ajalinta. An kuma ce mini akwai gwajin jini mai suna CA 15-3. Sannan mene ne amfanin wannan takardar ga Yaya, tunda an riga an san ciwon?"

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya ba Yaya lafiya, Ya sa kaffara ne, gwaggo kuma Allah Ya jiƙanta. Tambayarki biyu ce a haɗe. Kina son sanin abin da haruffan nan ke nufi ga wadda ciwon ya riga ya kama, kina kuma son sanin ko za su iya faɗakar da ke da kike lafiya. Aikina duba tsoka ne a madubin likita, kuma irin takardar da ke hannunku mu ne muke rubuta ta, don haka zan ɗan tsawaita.

Ɗan'uwanku yana da gaskiya ta wani gefe. Furotin ne, kuma yadda suke bayyana yana sauyawa yayin da naman nono ke rikiɗa zuwa sankara. Sai dai a jikin tsokar da aka ciro ake karanta su, kuma nonon kowace mace mai lafiya yana ɗauke da su. Da za a ɗebi tsoka daga nononki yau a gwada ER, furotin ɗin da sinadarin mata ke kamawa, za a same shi, kuma samun ba zai nuna komai ba illa cewa nono ne. Ga Yaya kuwa, wannan takardar ita ce za ta zaɓa mata magani, kuma a ganina babu kuɗin da kuka kashe a wannan jinya da ya fi nata amfani.

Yadda ake ganin furotin a cikin tsoka

Furotin ɗin da muke ci a wake da nama, jiki yana farfasa shi ya sake gina nasa iri-iri, dubbai, kowanne da aikinsa. Kowace ƙwayar halitta a jiki tana ɗauke da ƙwayoyin gado iri ɗaya, amma ba duka take amfani da su ba. Ƙwayar hanta tana ƙera furotin ɗin hanta, ta nono tana ƙera na nono. Sankara tana farawa ne idan ƙwayoyin gado suka samu lahani a cikin wata ƙwaya, sai ta fara ƙera wani furotin fiye da kima, ko ta daina ƙera wanda ya kamata, ta riƙa rarrabuwa ba tsayawa. Lahanin kansa ganinsa sai da gwaji mai tsada. Furotin ɗin da ya haifar kuwa ana iya rina shi a gan shi da ido.

Ga yadda muke yi. Tsokar da aka ciro ana jiƙa ta a ruwan fomalin don kada ta ruɓe, a zuba ta cikin kaki ya daskare, a yanko ta siriri, kaurin kusan kashi 4 cikin 1,000 na milimita, a shimfiɗa a kan gilashi. Rinin farko mai shuɗi da ja-ja shi ne ya nuna cewa sankara ce. A gwaji na biyu, wanda kuka biya daga baya, ana ɗiga wani sinadarin garkuwa da aka ƙera don ya kama furotin guda ɗaya tak. Duk inda ya kama sai wurin ya rine ya zama ruwan ƙasa. Daga nan mai dubawa ya ga ƙwayoyi nawa cikin ɗari suka rine, yaya ƙarfin rinin yake, kuma a ina ya zauna, a cibiyar ƙwaya ko a fatarta. Lambobin da ke takardar Yaya daga wannan ƙidayar suka fito.

Daga lafiyayyen nono zuwa sankara

Nono cike yake da ƙananan jakunkuna masu haɗa ruwan nono da bututu masu kai shi kan nono. Kowane bututu yana da shimfiɗa biyu: ƙwayoyin ciki, waɗanda yawancin sankara ke tasowa daga gare su, da ƙwayoyin waje da suka kewaye su kamar katangar gida. A lafiyayyen nono, ƙwayoyin ciki masu ER jefi-jefi suke, nan ɗaya can ɗaya. Wani abin lura kuma shi ne masu ER ɗin yawanci ba su ne ke rarrabuwa ba, saƙo suke miƙa wa maƙwabtansu.

Wani lokaci ƙwayoyin ciki sukan yi yawa su cika bututu. Wannan kaɗai ba sankara ba ne, kuma a nan ne rini ke taimakonmu ƙwarai. Idan yawaitar ta yau da kullum ce, za ki ga gauraye: wasu sun ɗauki ER wasu ba su ɗauka ba, wasu sun ɗauki wani furotin mai suna CK5/6 wasu babu. Gaurayen nan alama ce mai kwantar da hankali, don yana nuna ƙwayoyin ba daga tushe ɗaya suka fito ba. Idan kuwa duk suka zama kama ɗaya, kowacce ta ɗauki ER da ƙarfi, CK5/6 ya ɓace, to zuriyar ƙwaya guda ce ta mamaye wurin, kuma wannan shi ne sauyin da muke sa wa ido. Binciken Dupont da Page na shekarar 1985 a Amurka ya nuna cewa matan da aka samu irin wannan yawaita mai sauyin kama a tsokarsu, haɗarin sankara a gare su ya ninka na sauran mata sau huɗu zuwa biyar. Haɗari ne ya ƙaru, ba hukunci aka yanke ba, domin yawancinsu ba sa kamuwa.

Mataki na gaba shi ne ƙwayoyin su zama na sankara sosai amma suna nan a cikin bututu. Muddin katangar waje tana nan, ciwon ba shi da hanyar shiga jini ko kaluluwar hammata, kuma idan aka cire shi da kyau kusan kowa na warkewa. Tambayar ko katanga tana nan ko ta rushe tana cikin mafi nauyin abin da muke amsawa, kuma ido kaɗai wani lokaci ba ya iya rabewa. Sai mu rina p63 ko calponin, furotin ɗin ƙwayoyin waje. Idan suka fito sun kewaye wurin, ciwon yana ciki. Idan babu su, ya fita. Akwai kuma E-cadherin, wanda ke manne ƙwayoyi da juna. Sankarar da ta taso daga jakunkuna takan rasa shi, shi ya sa ƙwayoyinta ke bazuwa ɗaya-ɗaya a jere, ba ta cika yin ƙullutu mai tauri ba, takan kuma ɓuya wa hannu da hoto.

Kin ga ke nan maganar ɗan'uwanku tana da tushe. Amma duk wannan karatu sai an sami wurin da ake zargi, an ɗebo daga gare shi. Ba a huda nonon da ba shi da komai don neman furotin, domin allura ɗan abin da take ɗebowa bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da girman nono. Ko da wani abu na ɓoye a wani lungu, ba za ta same shi ba.

Takardar Yaya

ER furotin ne da sinadarin isturojin ke kamawa. Isturojin shi ne sinadarin mata da jakar ƙwai ke fitarwa, kuma idan ya kama ER a cibiyar ƙwayar sankara sai ya sa ta girma. An gano alaƙar nan tun kafin a san furotin ɗin. A 1896 wani likitan tiyata a Glasgow, George Beatson, ya cire wa mata masu sankarar mama jakar ƙwai, ya ga ciwon wasu ya ja da baya. Me ya sa wasu suka amfana wasu ba su amfana ba? Amsar ta fara fitowa ne bayan da Elwood Jensen ya gano ER a Jami'ar Chicago a 1958. Masu ER ne ke amfana. A ƙa'idar yau, ko kashi 1 cikin 100 na ƙwayoyin ne suka rine ana rubuta akwai shi, amma daga 1 zuwa 10 ana ɗaukarsa mai rauni. Na Yaya 80 ne. Wannan labari ne mai daɗi a cikin marar daɗi, domin yana nufin akwai ƙwayar magani da za ta yi mata aiki.

Ga macen da ba ta daina al'ada ba, maganin da aka fi bayarwa shi ne tamoxifen, miligiram 20 sau ɗaya a rana, shekara 5, wani lokaci har 10. Tsohon magani ne, tun shekarun 1970 ake amfani da shi, yana cikin masu sauƙin kuɗi, kuma shan sa na shekara 5 yana rage mutuwa daga irin wannan sankarar da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ga waɗanda al'ada ta ɗauke musu akan ba da letrozole ko anastrozole. Wasu matasan kuma akan haɗa musu da allurar da ke kwantar da jakar ƙwai. Abin da ke ci mini rai shi ne yawan matan da ke barin tamoxifen bayan shekara ɗaya ko biyu don sun ji garau, ko don zafin jiki da gumi da yake kawowa ya dame su. Jin garau ɗin aikin maganin ne. Ku da kuke kusa da ita ku taya ta riƙe shi. Idan ta ga jini ba lokacin al'ada ba, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ta koma asibiti ba tare da jinkiri ba. Ba a ɗaukar ciki ana shan sa, kuma hanyoyin tazarar haihuwa masu sinadarin mata, ƙwaya ko allura ko wanda ake sakawa a dantse, ba su dace da mai sankarar mama ba. Ta yi wannan maganar da likitanta a fili, akwai hanyar da ba ta da sinadari.

PR na sinadarin furojestaron ne. Isturojin ne ke sa a ƙera shi, don haka samunsa shaida ce cewa hanyar ER tana aiki. Ya ƙara ƙarfafa labarin farko.

HER2 shi ne inda aikinku bai ƙare ba. Wannan furotin a fatar ƙwaya yake zaune, yana karɓar saƙon girma. A kusan kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na sankarar mama, ƙwayar gadon da ke ƙera shi takan ninka kanta sau da yawa, sai furotin ɗin ya cika fatar ƙwaya, ciwon ya yi saurin yaɗuwa. Dennis Slamon da abokan aikinsa ne suka nuna haka a 1987, kuma a 1998 aka amince da trastuzumab, wanda aka fi sani da Herceptin, maganin da ke kama HER2 kai tsaye. Ya sauya makomar masu wannan nau'in sosai. Muna ba rinin maki daga 0 zuwa 3+. Idan 0 ne ko 1+, ba a ba da trastuzumab. Idan 3+ ne, ana bayarwa. Shi kuwa 2+ tsaka-tsaki ne, rini bai yanke hukunci ba, sai an yi gwaji na uku mai suna FISH wanda ke ƙirga ƙwayar gadon kanta. Mafi yawan masu 2+ suna fitowa babu, amma waɗanda ke fitowa akwai ba kaɗan ba ne. Na san za a ce wani kuɗin ne kuma, wataƙila ma sai an tura tsokar wani gari. Ku auna shi da wannan: trastuzumab yana da tsada ƙwarai, ana yin sa duk mako uku har shekara guda, ana kuma duba zuciya a kai a kai saboda yana iya raunana ta. Ba magani ne da za a fara da zato ba, ba kuma wanda za a hana mai buƙatarsa da zato ba. Ba sai an sake huda ta ba, tsokar da ke cikin kaki ta isa.

Ki-67 yana bayyana ne kawai a ƙwayar da ke kan rarrabuwa, don haka ma'aunin saurin ciwon ne. Shi ne mafi rauni a cikin huɗun, domin masu dubawa biyu za su iya kallon gilashi ɗaya su bambanta a ƙidaya. Masana sun fi amincewa da shi idan ya yi ƙasa sosai, 5 ko ƙasa da haka, ko ya kai 30 zuwa sama. Na Yaya yana bakin na sama. Ciwo mai ER amma mai sauri irin wannan, likitan daji yakan yi tunanin haɗa kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara da akan bayar ta jijiya, da ƙwayar maganin da na ambata. Idan aka kawo muku maganar kemo, kada ku ɗauka an ga abin ya lalace ne.

Akwai abin da takardar ba ta faɗa ba. Ta faɗi halin ciwon, ba ta faɗi inda ya kai ba. Girman ƙullutun, ko ya shiga kaluluwar hammata, ko ya taɓa huhu ko hanta ko ƙashi, wannan sai da duba jiki da hotuna. Da hali da mataki ake haɗawa a tsara magani: tiyata, kemo, gasa ciwon da hasken na'ura, ƙwayar magani, da wanda zai riga wani. Ni ban ga Yaya ba, ban ga gilashinta ba, takarda kawai kika karanto mini. Likitocin da suka duba ta su ne masu yanke wannan.

Sa'ar farko bayan an ciro tsoka

A nan zan daɗe, don tiyata na iya kasancewa a gaban Yaya, kuma wannan ne wurin da dangi ke da hannu ba tare da sun sani ba. Furotin yana fara lalacewa daga lokacin da aka raba tsoka da jini. Ƙa'idar da ake bi a duniya ita ce a sa ta cikin fomalin mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 kafin sa'a ɗaya ta cika, ta zauna a ciki aƙalla sa'a 6, kada ta wuce sa'a 72, ruwan kuma ya ninka girman tsokar kusan sau goma. Fomalin a hankali yake ratsa nama. Idan nono ne gaba ɗaya aka cire, dole a tsattsaga shi tun a ranar domin ruwan ya isa tsakiya, inda ciwon yake.

Abin da ke iso mana sau da yawa daban ne. Nono guda a cikin ɗan bokiti, fomalin ko rabinsa bai rufe ba. Wani an tsarma ruwan har ya rasa ƙarfi, wani a ruwan gishirin ƙarin ruwa aka sa shi, wani a sifirit. Wani an miƙa wa dangi, sun ajiye a gida kwana da kwanaki suna haɗa kuɗi, a cikin zafin watan Maris ko Afrilu. Wani an sa a firiza da kyakkyawar niyya, alhali ƙanƙara tana farfasa ƙwayoyin. Idan muka yanka sai mu tarar da waje ya kamu, ciki ya ruɓe. Har yanzu ana iya cewa sankara ce, amma idan aka rina ER ba zai fito ba, ko da kuwa akwai shi tun farko. Sai takarda ta ce babu, a hana mace tamoxifen, maganin da zai iya ƙara mata shekaru. Shi ya sa mai dubawa na gari yake neman lafiyayyen bututu a gefen ciwon. Idan shi ma bai rine ba, to tsokar ce ta lalace, kuma abin da ya kamata a rubuta shi ne ba a iya karantawa ba.

Wannan matsala ta taɓa har abin da aka sani game da matanmu. A 2009 Farfesa Olufunmilayo Olopade, 'yar Najeriya da ke Jami'ar Chicago, da abokan aikinta sun wallafa bincike a kan tsokar mata 507 daga Najeriya da Senegal, suka sami ER a kusan kashi ɗaya cikin huɗu kacal, alhali a matan Turai da fararen Amurka ya kai kashi 70 ko fiye. Amma binciken Farfesa Clement Adebamowo a Ibadan, na 2008, inda aka kula da yadda ake adana tsokar, ya sami ER a kusan kashi 65 cikin 100. Fahimtata ita ce nau'in da ba shi da ER, ba PR, ba HER2, wanda kemo ne babban makaminsa, da gaske ya fi yawa a matan Afirka ta Yamma fiye da na Turai, yakan kuma kama su da ƙuruciya. Amma wani kaso na "babu" ɗin da muke rubutawa daga bokiti ya samo asali. Wannan kason a hannunmu yake, ma'aikatan tiyata da na ɗakin gwaji da dangi.

Saboda haka idan ranar tiyata ta zo, ku tambayi likita tun kafin a shiga: ina za a kai tsokar, wa zai kai, yaushe? Idan ku aka ba, a ranar za ku kai, ba gobe ba. Ku tabbata ruwan ya rufe ta, an rubuta suna da lokacin da aka sa ta. Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a nan cikin gari da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika duk suna da sashen binciken tsoka. Masu zuwa daga nesa, Kafanchan ko Saminaka ko Birnin Gwari, su suka fi buƙatar a tsattsaga musu tsokar a cika fomalin kafin a kama hanya. Ku kuma adana lambar da ke saman takardar sakamako. Da ita ake nemo kakin da tsokar ke ciki, wanda ke iya ajiyuwa shekaru, ko don gwajin FISH ko don wani likita ya sake dubawa.

Na sha ganin iyalan da suka karɓi abin da aka cire suka binne shi kai tsaye, don girmama sashen jikin ɗan Adam. Niyyar mai kyau ce, kuma ina girmama ta. Amma matar da aka cire wa ƙullutu aka binne ba a duba ba, an bar ta cikin duhu: ba ta san ko sankara ce ba, balle irinta. A fara kaiwa a duba, abin da ake ɗiba kaɗan ne, sannan a yi magana da ɗakin gwajin a kan ragowar. Haka kuma maganar da ake yi cewa daji ba ya son ƙarfe, wai allura ko wuƙa na sa shi yaɗuwa. Allurar ɗibar tsoka ba ta yaɗa sankarar mama. Abin da ke faruwa shi ne mata da yawa sai ciwon ya yi nisa suke zuwa, a taɓa shi, ya ci gaba da abin da dama yake yi, sai a ɗora wa ƙarfe laifi. Ƙiyasin hukumar binciken daji ta duniya ya nuna cewa a 2020 mata sama da 28,000 ne suka kamu da sankarar mama a Najeriya, sama da 14,000 kuma suka rasu. Jinkiri yana da babban kaso a wannan adadi na biyu.

Batun kuɗi kuma, ku tambaya a Shika game da asusun tallafa wa masu ciwon daji na Gwamnatin Tarayya. Asibitin yana cikin waɗanda aka fara shirin da su, kuma sankarar mama tana cikin cututtukan da ya ƙunsa.

Ke kuma fa

CA 15-3 gutsuren wani furotin ne mai suna MUC1 da ke zuba cikin jini. Kada ki kashe kuɗinki a kansa. A farkon sankara yawanci lafiya lau yake fitowa, sai ciwon ya yaɗu yake hawa, wani lokaci ma ko ya yaɗu ba ya hawa. Yana kuma iya hawa a mai ciwon hanta ko wata matsalar da ba ta da alaƙa da daji. Idan ya fito daidai zai ba ki kwanciyar hankalin ƙarya, idan ya ɗan hau zai hana ki barci a banza. Amfaninsa yana wurin bibiyar wadda ciwonta ya riga ya bazu, a ga ko magani na ci.

Abin da ya fi jan hankalina a wasiƙarki shi ne gwaggo. Mutane da yawa suna ɗauka ta wajen uwa kaɗai ake gadon wannan ciwo, alhali uba ma yana iya ɗauke da lahanin ya miƙa wa 'ya'yansa shi bai yi ciwo ba. Yaya a shekara 43 da ƙanwar uba, wannan tarihi ne da ya isa a zauna da likita a kansa. Ƙwayoyin gadon da aka fi sani su ne BRCA1 da BRCA2. Wani bincike da aka wallafa a 2018 a kan matan Najeriya 1,136 masu sankarar mama ya sami lahani a BRCA1 a kashi 7 cikin 100, a BRCA2 kuma kusan kashi 4, adadin da ya zarce abin da aka saba gani a ƙasashe da yawa. Wannan gwaji da jini ko yawu ake yin sa, kuma shi ne ya fi kusa da abin da kike nema, domin yana magana a kan haɗari tun babu ciwo. Idan hali ya samu, Yaya ce ya kamata a fara yi wa, ba ke ba. Idan aka sami lahani a wurinta, sai a nemi wannan lahanin takamaimai a wurinki da sauran 'yan'uwa, har da maza. Ko an same shi ba yana nufin dole a kamu ba, rashin samunsa kuma ba ya goge tarihin gidan.

Ko an yi wannan gwaji ko ba a yi ba, ga abin da zan ba ki shawara. Ki binciko a dangi, ɓangaren uwa da na uba, wa ya taɓa yin sankarar mama ko ta jakar ƙwai ko ta mafitsarar maza (prostate), kuma a wace shekara, ki rubuta ki tafi da shi asibiti. Ga mace mai 'yar'uwa ta jini da ta kamu, likitoci da yawa sukan fara hoton nono kusan shekara 10 kafin shekarun da 'yar'uwar ta kamu. Ta kamu a 43, ke kina 34, lokacinki ya yi ke nan. A shekarunki naman nono yakan yi kauri, hoton mamogiram kaɗai na iya kasa gani, don haka akan haɗa da sikanin. Likita ya riƙa duba ki da hannu aƙalla sau ɗaya a shekara. Ke ma ki san nononki, ki riƙa dubawa 'yan kwanaki bayan gama al'ada, lokacin da ya saki, har zuwa cikin hammata. Ƙullutu ko da ba ya ciwo, kan nono da ya shige ciki, jini ko ruwa daga kan nono ɗaya ba tare da an matsa ba, fata da ta lotsa ko ta yi kauri, ƙaiƙayi ko gyambo a kan nono da ya ƙi warkewa, kowanne daga cikinsu ki kai shi asibiti a makon da kika gan shi. Mafi yawan ƙullutun mata masu shekarunki ba sankara ba ne, amma hannu ba ya iya rabewa, nawa ma ba ya iyawa, sai hoto da allura. Idan kina shayarwa kika ji tauri da bai baje ba bayan mako biyu na magani, shi ma a yi masa sikanin, kada a bar shi a kan cewa ruwan nono ne ya kwanta.